Sharhi: Wa ke ladabtar da 'yan sandan Nijeriya?

Duk lokacin da aka taso da batun hukunta 'yan sandan da suka ci zarafin jama'a a Nijeriya, hujjar da masu kare rundunar kan kawo ita ce yawan bincike zai sanyaya gwiwar jami'an da ke sayar da rayukansu a bakin aiki.

To sai dai tarihin rundunar na nuna cewa gwiwar ta daɗe da yin sanyi, kuma ba koke-koken jama'a ne suka jawo hakan ba.

A rubuce dai akwai wuraren kai ƙara. Tsarin mulkin 1999 ya bai wa Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ikon ɗauka da ƙara girma da ladabtar da kowane jami'i in ban da Sufeto Janar. A shekarar 2015 kuma rundunar ta buɗe sashen karɓar koke-koken jama'a.

Matsalar ita ce sau da dama koken yakan koma hannun 'yan sandan ne domin su binciki kansu, kuma hukuncin ba ya tafiya da sauri ɗaya.

Kurtun da aka ɗauki hoton bidiyonsa yana karɓar na goro a shingen bincike, cikin 'yan kwanaki ana iya yi masa shari'ar cikin gida a tuɓe masa kaki. Babban jami'i kuwa sai an ba shi takardar neman bahasi, kwamitin ladabtarwa ya zauna, sannan a aika wa hukumar da shawara.

Shari'ar Apo

A watan Yunin 2005 'yan sanda suka kashe wasu matasa shida a Abuja, biyar 'yan kasuwar Apo da wata mace guda, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin binciken da Shugaba Obasanjo ya kafa ya yi watsi da wannan iƙirari.

Sai a watan Maris na 2017, bayan kusan shekara 12, kotu ta yanke hukunci. An yanke wa ƙananan jami'ai biyu hukuncin kisa, aka sallami uku, ciki har da mafi girman muƙami a cikinsu, bisa rashin isassun hujjoji. Kotu ta yi aiki da abin da aka gabatar mata, amma abin da na ƙasa suka gani shi ne a kan wa igiya ta tsinke.

Ina gizo ke saƙar?

A watan Fabrairun 2002, tun kafin a san sashen koke-koke, ƙananan 'yan sanda suka shiga yajin aiki a karon farko saboda bashin alawus da rashin ƙarin girma. Jim kaɗan aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith. Wanda ya gaje shi, Tafa Balogun, ya amsa laifi a tuhumar da EFCC ta yi masa a 2005, aka ɗaure shi wata shida.

Haka kuma, cikin buƙatu biyar na masu zanga-zangar EndSARS a 2020 har da ƙara wa 'yan sanda albashi, abin da ba a cika tunawa da shi ba. An rusa rundunar SARS ranar 11 ga watan Oktoba, ko da yake ƙungiyar gwamnonin arewa ta nuna rashin amincewa, tana mai cewa SARS na da amfani wajen yaƙi da miyagu a yankin.

Rundunar ta ce an kashe jami'anta 22 a tarzomar da ta biyo baya, kuma a wasu birane 'yan sanda sun ƙaurace wa tituna na wani lokaci.

A ƙarshen 2021 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin albashi na kashi 20 cikin ɗari, amma a Legas gwamnatin jihar ta karɓi 11 ne kacal daga cikin shawarwari 32 na kwamitin da ya saurari koke-koken.

A watan Yulin 2025 kuma tsofaffin 'yan sanda ne da kansu suka fito kan titunan Abuja, suna neman a cire su daga tsarin fanshon adashen gata, kamar yadda aka cire sojoji tun da jimawa.