Kafin A Kunna Injin Tsaga Katako

 Yau wajen kafintoci za mu leƙa, musamman saboda 'yan kwalejojin fasaha da masu ɗaukar darasin aikin katako, da waɗanda in an tashi makaranta suke wucewa shago koyon aiki. Maganarmu a kan injin tsaga katako ce, wato teburin nan da faifan zarto ke leƙowa ta tsakiyarsa.

Da yawanmu mun taɓa ganin haka: an auna, an ja layi da fensir, an tura katako a hankali, amma ya fito gefensa baƙi yana warin ƙuna. Ko kuwa a zo harhaɗa akwati, kusurwa ta ƙi haɗuwa, a yi ta cusa gam da dusar katako ana toshe kafa. Nan da nan sai a ce hannun yaro ne bai faɗa ba. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa yaron ba shi da laifi, faifan ne ya karkace, kuma ko maigidan shagon ne ya tura katakon, abin da zai samu ke nan.

Bari mu ɗan yi lissafi, don mu san da abin da muke hulɗa. Faifan da aka fi amfani da shi mai inci 10 ne, wato kusan santimita 25. Ku ninka da 3.14, za ku ga kewayensa ya kai kusan santimita 80. Idan yana juyawa sau 4,000 a minti ɗaya, kamar yadda injuna da yawa ke yi, kowane haƙori yana gudun mita 3,200 a minti, wajen kilomita 190 a awa. Babu direban kirki da ke wannan gudu a hanyar Kano zuwa Zariya.

Sai kuma ku lura da yadda faifan ke juyawa. Haƙoran gaba, waɗanda ke fuskantar mai aiki, ƙasa suke yi, suna danne katako a kan tebur. Na baya kuwa sama suke tasowa. In faifai da majinginin da katako ke bi sun tafi kafaɗa da kafaɗa, haƙoran gaba ne kaɗai ke yanka, na baya su wuce ta cikin tsagar salin-alin. In kuwa tazarar ta fi matsewa ta baya, katako zai shiga tsaka mai wuya. Da farko haƙoran baya su riƙa gogar sa, ga dalilin ƙunar nan. In abin ya yi tsanani su cafke shi su wurgo shi kan mai aiki, kuma hannun da ke tura katakon yana iya zarcewa kan faifai kafin ƙiftawar ido. Ashe ba maganar kyan aiki kaɗai ake yi ba, har da yatsu.

To, yaya ake dubawa? Da farko a zare wayar injin daga soket, kada a tsaya ga kashe makunni kawai. Mun san halin wutarmu: a ɗauke ana tsakiyar aiki, a manta makunni a kunne, a dawo da ita lokacin da hannun wani ke kan faifai. Bayan haka a goge ƙaron katako da ya daskare a jikin faifan, a girgiza shi a ji ko boris ya saki. Faifan da ya lanƙwashe ko boris da ya mutu, babu awon da zai gyara su, sai canji.

Injunan kamfani suna da dogon kwarmi da aka yanka a saman teburin, daga gaba har baya. Shi ne ma'auni, domin ba ya motsi. A ɗago faifan iya tsayinsa, a zaɓi haƙori ɗaya a yi masa alama da maka. A kawo shi gaba, a auna tazarar da ke tsakaninsa da bakin kwarmin. Sannan a juya faifan da hannu har wannan haƙorin ya koma baya, a sake aunawa. Me ya sa sai shi ɗin dai? Saboda a faifai da yawa wani haƙorin dama yake kallo, na kusa da shi hagu, ga shi kuma ba a rasa 'yar rawa a jikin faifai. In ka auna haƙora biyu daban, kanka kawai za ka ruɗa.

Tef ɗin awo ba zai nuna wannan bambanci ba, ya yi ƙanƙanta. Masu hali suna da agogon awo. Marasa shi sai su ɗauki sikwaya mai zamiya, su jingina ta da bakin kwarmin, su turo rular har ta taɓa haƙorin, su ɗaure. In an koma baya aka ga kafa, a gwada zura takardar littafi. Kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kuma in ta shige sakwaf, gyara ya kama.

Gyaran kansa haƙuri yake so. A ƙananan injuna, ana sassauta notukan da ke riƙe da mazaunin faifai a ƙarƙashin tebur, a bar ɗaya da ɗan ƙarfi, a ɗora guntun katako a ƙwanƙwasa da guduma kaɗan-kaɗan. A manyan injuna saman teburin ake gusarwa. Abin haushin shi ne, ɗaure notin ma yana iya sake gusar da shi, don haka ana ɗaurewa ana aunawa. Wannan fa aikin malami ne ko maigidan shago. Naku shi ne ku tsaya kusa, ku riƙe sifana, ku yi tambaya.

Mun san injuna da yawa a shagunanmu ƙirar masu walda ne, ba su da kwarmi, majinginin ma katako ne ake ɗaurewa. Dabarar ba ta canja ba: haƙori ɗaya, a auna shi da majinginin a gaba da baya. Wasu kafintoci kan bar bayan ya buɗe da kaurin takarda guda, kuma ba laifi. Matsewa ce ba a yarda da ita ba ko kaɗan.

Akwai kuma ɗan ƙarfen da ke tsaye bayan faifai, mai hana tsagar rufewa. Mutane na cire shi wai yana rage musu sauri. Mu dai ba mu ga saurin da ya kai yatsa daraja ba. A mayar da shi, a tabbatar yana layi ɗaya da faifan, kuma in katako siriri ne a tura shi da sanda.

Saura tsayuwar faifai, wato digiri 90 da tebur. A jingina sikwaya da jikin faifan a tsakanin haƙora, domin bakin haƙori ya fi jikin kauri, a duba ko haske na ɓullowa. Kada ku raina digiri ɗaya. Masu lissafin kusurwa su gwada: karkatar digiri ɗaya a tsawon santimita 60 tana ba da kusan santimita guda, abin da ya isa ya hana ƙofar kabad rufuwa.

Gwajin da muka fi so ba ya bukatar kayan awo. A yanka guntun katako mai kauri gida biyu, a kifar da ɓari ɗaya, a haɗa bakunan a kan shimfiɗaɗɗen tebur. In akwai karkata, kafar da za ta bayyana ninki biyu ce ta kuskuren, har wanda ke bayan aji zai hango ta. In suka haɗu ruf, sai a kawo katakon aiki.