UBA A CIKIN AKWATIN TALBIJIN: ABIN DA JAMA'A KE YABO A "GIDAN BADAMASI"

Kowa ya zauna a ofis, ko a ɗakin hutun malaman makaranta, ko a teburin mai shayi, ya san irin hirar da a kan yi washegarin daren da aka nuna wasan kwaikwayo a talbijin. Akawu ya kan ajiye alƙalami, malami ya ture littattafan da ya ke dubawa, a shiga muhawara a kan Alhaji Badamasi da 'ya'yansa, sai ka ce wani maƙwabci ne da kowa ya sani. Na daɗe ina sauraron irin wannan hira a wuraren da aikin duba makarantu ya ke kai ni, na kuwa lura da abu guda. Ko da an fara da yabon ban dariyar wasan, ba a kan tashi ba sai magana ta koma kan iyaye. Wani ya ce, "Wallahi akwai irinsa a unguwarmu." Wani kuwa ya yi shiru, domin shi a gidansu abin ya ke. Saboda haka na ga ya kamata mu tsaya mu duba abin da jama'a su ke yabo a wasan nan, mu ga ko yabon ya dace, sa'an nan mu ga abin da ya rage a kanmu.

ASALIN ABIN

Talbijin ya fara aiki a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ya iso Kaduna cikin 1962. Tun daga lokacin nan wasan kwaikwayo ya zama babban abin da ke tara mutanen Arewa a gaban akwatin. Manyanmu ba su manta da Ƙasimu Yero ba, ba su kuma manta da Usman Baba Pategi ba, watau Samanja Mazan Fama, wanda ya shekara da shekaru ya na nuna zaman soja a bariki. Da aka buɗe tashar Arewa24 cikin 2014 sai aka sami wasanni masu dogon zango, waɗanda a ke bi mako mako kamar yadda a ke bin labarin dangi. "Daɗin Kowa" ya fito, ya kuma ci kyauta a gasar Africa Magic cikin 2016. "Gidan Badamasi" ya biyo baya cikin 2019, Falalu A. Ɗorayi ne ya ba da umurninsa, Magaji Mijinyawa kuwa shi ya fito a matsayin mai gidan.

Labarin ba shi da wuyar ganewa. Alhaji Badamasi tsoho ne mai dukiya, marowaci, ya na zaune a keken guragu. A zamanin ƙarfinsa ya yi aure-aure da sake-sake, ya bar 'ya'ya barkatai a hannun iyayensu mata. Yanzu ga su sun girma sun taru a gidansa, kowa da irin halin da ya taso da shi, kowa kuma idonsa na kan dukiyar. Shi ya na neman su yi masa ladabi da biyayya, su kuwa su na neman ya buɗe hannu. Daga wannan ja-in-ja ne duk dariyar wasan ta ke fitowa.

DALILIN DA YA SA YA SHIGA RAN JAMA'A

A al'adarmu ɗa ba ya faɗin laifin ubansa. Ya kan durƙusa ya gaishe shi, ba ya haɗa ido da shi, ba ya kiran sunansa. Su ma iyaye su kan yi kunyar ɗan fari, har su ƙi ambaton sunansa muddin ransu. Wannan kunya abu ne mai kyau, ita ce ta riƙe gidajenmu tun kaka da kakanni. Amma kowane abu mai kyau ya na da inda a ke fakewa da shi. Uban da ya saki uwa ya bar mata 'ya'ya, bai aika da hatsi ba, bai tambayi ko an sa su makaranta ba, ya san babu ranar da ɗayansu zai tsaya gabansa ya tuhume shi. Yaron zai girma da abin a cikinsa, ya haɗiye, in an tambaye shi ya ce Baba na nan lafiya.

To, kakanninmu sun san da wannan, shi ya sa su ka bar wa wasa ƙofa. A watan azumi yara su kan yi tashe, su sa gemun auduga su kwaikwayi tsofaffi, a yi dariya a ba su sadaka. A wasan gauta matan fada su kan kwaikwayi sarki da hakimansa, ya na kallo ya na ganin halinsa, ba wanda zai ce an yi masa rashin kunya. Jika ya kan faɗa wa kakarsa abin da ɗanta ba zai iya faɗa mata ba. Wasan talbijin gadon wannan ne. Abin da ɗa ba shi da bakin faɗi, shi "Gidan Badamasi" ya faɗa a madadinsa, ya kuma faɗe shi cikin raha yadda ba za a ce an ci mutuncin kowa ba. Wannan, a ganina, shi ne ainihin abin da masu kallo su ke yabo, ko da su da kansu sun ce dariya kawai su ke zuwa sha.

Wani abin yabo kuma shi ne ba a ɗora laifin a kan gefe guda ba. Da an nuna tsohon azzalumi ne kurum, 'ya'yan kuwa salihai, da wasan ya zama wa'azi, a kalla sau biyu a gaji. Amma an nuna 'ya'yan su ma da nasu: kwaɗayi, da ƙarya, da son banza, da ladabin kura wanda ba ya wuce lokacin da a ke sa ran samu. Mai kallo ya kan fara da jin haushin uban, can ya koma ya na jin tausayinsa, domin tsoho ne a keke, a tsakiyar taron 'ya'yansa, ba kuwa shi da tabbacin ko akwai guda da ke sonsa don Allah. Sai dai in mutum ya yi tunani ya ga abin da ya shuka ne ya ke girba. Ice tun ya na ɗanye a ke tanƙwara shi, shi kuwa ba ya nan sa'ad da itatuwansa su ke ɗanyu.

ABIN DA MALAMI YA KE GANI A AJI

Mu ma'aikatan ilmi ba mu da bukatar talbijin kafin mu san Alhaji Badamasi, domin 'ya'yansa su na cikin rajistarmu. Kwanan baya na je duba wata makarantar firamare a wani ƙauye, na tarad da yaro mai ƙoƙari ƙwarai a aji biyar wanda ya yi mako uku bai zo ba. Da babban malami ya aika a bincika, sai aka ce uwar ta yi sabon aure, mijin ya ce ba zai riƙe agola ba, an mai da yaron wurin kakarsa, ita kuwa ta sa shi tallan ƙuli-ƙuli don su sami na tuwo. Uban na nan da ransa da lafiyarsa a birni, har ma an ce ya na shirin ƙara aure. Duk malamin da ke karanta wannan ya san irin labarin, watakila ma ya san wanda ya fi shi muni.

Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya daɗe ya na ba da ƙiyasin cewa yara wajen miliyan 10.5 ne ba su zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu kuwa a Arewa su ke. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne, ta kuma ɗora wa iyaye nauyin kai 'ya'yansu. A cikin 2020, lokacin annobar korona, mun ga yadda gwamnonin Arewa su ka yi ta kwasar almajirai a motoci su na mai da su jihohinsu na asali. A cikin 2023 kuma aka kafa hukumar tarayya ta musamman domin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Duk waɗannan ƙoƙari ne na Gwamnati, ba a kuwa raina su. Amma Gwamnati ba ta haifi yaron ba. Talauci na da nasa hannu a ciki, ba mai musun wannan, sai dai Alhaji Badamasi ba matalauci ba ne, nan ne kuwa wasan ya taɓa inda ke ciwo. Ya nuna akwai sakacin da ba rashi ne ya kawo shi ba, hali ne.

"Daɗin Kowa" ya bi ta wata hanyar ya iso wuri guda. A garin nan na ƙage an nuna Malam Nata'ala da almajiransa, an nuna zaman Kamaye da matarsa Adama, an nuna yadda samari su ke faɗawa shaye-shaye da hannun masu ɗaukar makamai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in ka bi sawunsa, sai ya kai ka ƙofar wani gida inda uba ko uwa su ka kau da kai.

MASU SUKA SU NA DA TASU HUJJA

Ba kowa ne ya ke yabo ba, ba kuwa daidai ba ne a toshe kunne daga masu suka. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya ce mini abin da ke damunsa shi ne yara ma su na kallo. Babba ya na ganin darasin da ke bayan dariyar, amma yaro ɗan shekara takwas abin da ya gani kawai shi ne an yi wa uba dabara an ci kuɗinsa, an kuma yi shewa. Gobe sai ya gwada a gida. Ya ƙara da cewa in kullum uban da a ke nunawa marowaci ne ko sakarai, uwa kuwa mafaɗaciya ko mai bin bokaye, to, yaushe yaro zai ga irin gidan da ya kamata ya yi koyi da shi?

Maganar nan ta na da nauyi. Gaskiya ne mugun uba ya fi daɗin kallo, domin uba nagari ba shi da hayaniya. Mutumin da ya ke tashi da asuba ya tafi gona ko ofis, ya dawo ya tambayi ɗansa abin da aka koya masa yau, ya sai da akuya ya biya kuɗin jarrabawa, ba shi da abin ban dariya. Amma irinsu su ne su ka fi yawa, su ne kuma su ka ɗauki ƙasar nan a kafaɗa. Marubucin da ya iya sa jama'a su zauna su kalli irin wannan uba ba tare da sun yi hamma ba, shi ne gwani na ƙwarai. Mu na roƙon masu shirya wasanni su gwada ƙarfinsu a nan.

Hukuma ita ma ta na da nata aiki. Jihar Kano ta na da Hukumar Tace Finafinai tun 2001, a cikin watan Mayu na 2025 kuwa ta dakatar da wasanni 22, har da "Daɗin Kowa" da "Labarina", a kan ba a kai mata su ta duba ba kafin a nuna. Bin doka wajibi ne a kan kowa. Sai dai mu sani almakashin hukuma ya na iya yanke batsa da ashar, amma ba zai iya zama kusa da yaro ya bayyana masa abin da ya gani ba. Wannan aikin na mutanen gida ne.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Shawarata ta farko ga iyaye ce. Kada a bar yara su kaɗai da akwatin, ko da wayar hannu, tun da yanzu wasannin nan har a YouTube a ke kallonsu. A zauna tare da su. In an gama, uba ya tambayi ɗansa, "Me ya sa 'ya'yan Alhaji ba su jin tausayinsa?" Amsar da yaron zai bayar za ta koya wa uban abu, watakila fiye da abin da wasan ya koya masa.

Ta biyu ga 'yan'uwana malamai. A darasin Hausa mu kan karantar da littattafan wasan kwaikwayo irin su "Zamanin Nan Namu" na Shu'aibu Maƙarfi da "Uwar Gulma" na Mohammed Sada, waɗanda su ma zaman gida su ka duba a zamaninsu. Babu laifi malami ya ɗauko wasan da yara su ka kalla jiya ya gwama da na littafi, ya sa su rubuta insha'i a kan haƙƙin uba a kan ɗa da haƙƙin ɗa a kan uba. Amma ya yi hattara, kada ya sa yaro ya tona asirin gidansu a gaban aji. A taron iyaye da malamai kuma, sunan Alhaji Badamasi ya kan buɗe maganar da in an fito da ita kai tsaye za a watse da fushi.

Ta uku ga mu duka, masu albashi, akawuna da malamai. Mu ne mu ka fi kowa iya dariyar tsohon nan, mu ne kuma mu ka fi kusa da zama irinsa, domin da zarar an ƙara mana girma a wurin aiki sai tunanin ƙarin aure ya riga tunanin kuɗin makaranta zuwa. Addini da al'ada sun wajabta wa ɗa biyayya ko da uban ya gaza, wannan ba ya canzawa. Amma su ɗin ne kuma su ka ɗora wa uba ci da sha da tufafi da wurin kwana da tarbiyya. Biyayya a kan yi ta don tsoron Allah, ƙauna kuwa sai wanda ya yi wahalar reno ya ke samunta. Kowane mai gida a cikinmu, in ya gama dariya ya kashe akwatin, ya ƙidaya 'ya'yansa, na ɗaka da na waje, ya tambayi kansa ko ya san ajin da kowannensu ya ke, da inda ya kwana jiya.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, ya shirya mana zuriya. Amin.