Direba, idan an dakatar da permi ɗinka, rubuta takarda kafin wata uku

Wani maƙwabcina a nan Ngawundere direban tirela ne. Shekara da shekaru yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa, ya gangara falez, ya ratsa Garwa da Marwa har Kusiri. Bara ya yi hatsari, Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma aka dakatar da takardarsa ta tuƙi, wato permi. Da na je jaje sai ya ce: “Alhaji, ƙaddara ce, sai haƙuri.” Ya shafe wata biyar yana bin wani ɗan kamasho da ya ce yana da hanya. Kuɗi suka tafi, permi bai dawo ba, mai mota kuma ya ɗauki wani direba.

Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana mutum neman haƙƙinsa ba. Dakatar da permi, idan ba alƙali ne ya yanke ba, mataki ne na hukuma, kuma dokar Kamaru mai lamba 2006/022 ta 29 ga Disamba 2006 ta buɗe ƙofar ƙalubalantarsa. Da farko za ka rubuta wa hukumar da ta sa hannu, ka nemi ta sake duba lamarin. Shi ne ake kira recours gracieux, kuma wata uku kawai gare ka daga ranar da aka sanar da kai. In ta yi shiru har wata uku, doka ta ɗauka ta ƙi. Daga nan kana da kwana 60 ka kai ƙara kotun da ke shari'a tsakanin talaka da hukuma, kuma akwai ta a Ngawundere da Garwa da Marwa. Maƙwabcina bai ji wannan ba sai da wa'adi ya wuce.

Kada a fahimce ni a baibai. Direban da ke gudun wuce sa'a, ko yake haɗiyar tiramol don kada barci ya ɗauke shi, ya cancanci hukunci, domin rayukan mutane amana ce. To amma wanda birki ya tsinke masa bayan mai mota ya ƙi gyara fa? Shi ma a haɗa shi da ɗan ganganci ba tare da an ji ta bakinsa ba?

Matsalarmu ita ce takardun duk da Faransanci suke, yawancin direbobinmu kuwa allo suka yi. Nan ne nake ganin laifin ƙungiyoyin direbobi. Kuna karɓar kuɗin ƙungiya, me zai hana ku ajiye lauya ɗaya da zai riƙa rubuta wa mambobinku?

Ɗan'uwa direba, ranar da aka karɓe permi ɗinka, nemi takardar dakatarwar a rubuce, ka riƙe kwanan watan. In ka kai kokenka, ka tabbata an buga maka hatimi a kan kwafinka. Allah Ya tsare hanya.