Asibiti Ba Na Likita Kaɗai Ba Ne



A shiga kowane aji a makarantar nan a tambayi me kowa yake so ya zama idan ya girma, masu cewa "likita" za su fi kowa yawa. Buri ne mai kyau, Allah ya cika wa masu shi. Amma mu a ƙungiyar 'yan jarida muna ganin akwai gyara a yadda muke kallon harkar lafiya. Mun ɗauke ta kamar gida mai ƙofa ɗaya tak, wanda ya samu ya shige, wanda bai samu ba ya koma gida. Kowannenmu ya san wani yaya ko wata yaya a unguwa da suka zauna JAMB sau biyu ko sau uku suna neman karatun likita, makin bai kai ba, daga nan suka ajiye littafi gaba ɗaya. Gurbin karatun likita a jami'o'i kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. Idan ƙofa ɗaya muka sani, yawancinmu a waje za mu tsaya.

Ra'ayinmu shi ne, tun daga ƙaramar sakandare ya kamata a nuna mana sauran ƙofofin, kafin mu gama aji uku mu zaɓi ajin kimiyya ko wani ajin daban.

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Yaro ya tashi da zazzaɓi, an kai shi asibiti. Mai yankan kati ne zai fara buɗe masa fayil. Nas ta gwada zafin jikinsa da nauyinsa. Likita ya duba shi, ya tura shi ɗakin gwaji. A can ne wani zai ɗauki ɗigon jini, ya shafa a gilashi, ya sa masa launi, ya leƙa ta madubin likita har ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin. Sunan na'urar madubin likita, amma mai gwajin jini ne yake wuni a kanta. Daga nan a je wurin mai haɗa magunguna, ya ba da magani daidai da nauyin yaron, ya bayyana wa uwa yadda za a sha shi cikin kwana uku. Mutum biyar ke nan kafin a fita daga ƙofar asibiti, kuma ɗaya ne kawai likita a cikinsu. Idan mai gwaji ya yi kuskure, likita komai ƙwarewarsa zai iya rubuta maganin cutar da yaron ba shi da ita.

Shi kansa maganin daga ina ya fito? Sinadarin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yanzu sunansa atimisinin. Wata mata 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ce ta jagoranci gano shi a farkon shekarun 1970, daga wani tsiro ɗan uwan tazargaden da muka sani. Ita da abokan aikinta sun bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya na ƙasarsu, sun gwada tsirrai masu yawa, sun sha faɗuwa, har suka gane cewa zafin tafasawa yana lalata sinadarin, suka sauya hanyar tace shi. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Ilimin haɗa magunguna ta karanta, ba ta da digirin likita, amma miliyoyin mutane sun rayu ta dalilin aikinta. Wannan labarin ya shafe mu ƙwarai, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Kada wani ya ce mun ce a jiƙa tazargade a sha a madadin zuwa asibiti. Abin da ya mai da ganye ya zama magani shi ne gwaji da awo da sanin adadin da ba zai cutar ba, kuma wannan shi ne aikin mai bincike.

A nan gida ma an yi irin wannan aikin. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, wato NIPRD, ta samar da wani magani mai suna Niprisan domin masu sikila. Daga tsirrai huɗu aka haɗa shi, uku daga cikinsu ba baƙi ba ne a gidajenmu: masoro, kanumfari da ganyen dawa. Ba ya warkar da sikila, amma gwaji ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. Duk wanda yake da ɗan aji mai sikila ya san abin da wannan yake nufi, ya san makonnin da kujerarsa take zama babu kowa. An ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar kowace shekara a ƙasar nan.

Sai dai labarin bai tafi daidai ba. An ba wani kamfani na Amurka izinin sarrafa maganin, ya fito kasuwa a 2006, ba a daɗe ba kamfanin ya karye, magani ya ɓace daga kantuna, masu buƙata suna nema babu. Sai bayan shekaru aka sake ba wani kamfanin cikin gida izini. Masu bincike sun yi nasu, ɓangaren kasuwanci ne ya gaza. Ke nan harkar lafiya tana buƙatar wanda ya iya lissafin kuɗi, wanda ya iya tafiyar da masana'anta, da wanda ya san yadda kaya zai tashi daga Legas ya isa kemis ɗin ƙauye bai lalace ba. Abokanmu da suke son ajin kasuwanci, wannan maganar taku ce.

Haka yaƙi da shan inna. A 2016 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Najeriya, a jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita. Su wa suka yi wannan aikin? Mata masu bin gida gida da akwatin sanyi a kafaɗa. Masu gyaran firij, domin rigakafin yana mutuwa idan ya sha zafi. Ma'aikatan ɗakunan gwaji na Ibadan da Maiduguri da suke duba bayan gidan yaran da ƙafarsu ta saki. Masu zana taswira da masu ƙidaya da suke gano rugar da aka tsallake. Masu unguwanni da limamai da suka yi wa iyaye bayani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Har yau ana ci gaba da ɗiga wa ƙannenmu maganin, kuma har yau ana neman irin waɗannan hannuwan.

Akwai kuma masu tsare mu daga jabun magani. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, masaniyar haɗa magunguna ce. A zamaninta aka riƙa kama jabun magunguna ana ƙona su a bainar jama'a. Yanzu a jikin wasu kwalayen magani akwai wurin da ake kankarewa, a tura lambar ta waya, a samu amsa ko na gaskiya ne. Masana kwamfuta ne suka tsara wannan. Masu son dabbobi kuma su san da cibiyar Vom a jihar Filato, wadda tun 1924 take bincike a kan cututtukan dabbobi, tana yin allurar rigakafin shanu da kaji. Lafiyar saniyar da muke shan nononta tana haɗe da lafiyarmu.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce likita ne ake girmamawa, shi ake kira "Dakta", shi ne iyaye suke alfahari da shi a taron biki. Gaskiya ne, kuma ba mu ce wanda yake da ƙoƙari da sha'awa ya fasa ba. Muna buƙatar likitoci fiye da waɗanda muke da su. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce wanda ya karanta gwajin jini ko jinya ya karanta ne don ya faɗi. Digirin gwaje-gwajen asibiti shekara biyar ne a jami'a, digirin jinya ma haka. Akwai kwalejojin jinya da ungozoma, akwai kwalejojin fasahar lafiya da suke horar da malaman asibitin da ke riƙe da sha-ka-tafi na ƙauyuka, inda sau da yawa babu likita ko ɗaya. Ta fuskar abin rufin asiri kuwa, mai haɗa magunguna da ya samu lasisi yana iya buɗe kantinsa, mai gwaji yana iya buɗe ɗakin gwajinsa, har su ɗauki wasu aiki. Ga gwajin jini kafin aure da mutane suke ƙara karɓa. Idan ango AS ne amarya ma AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wa zai yi waɗannan gwaje-gwajen da gaskiya da amana idan dukanmu mun raina aikin?

Muna da magana ta musamman da 'yan uwanmu mata. Iyayenmu mata da yawa ba sa sakin jiki da namiji a wurin awon ciki da haihuwa, wasu ma sukan gwammace su zauna a gida, kuma a nan ake rasa rayuka. Ungozoma ɗaya da ta yi karatu, ta san alamar jijjiga da zubar jini, ta san lokacin da za ta ce a nemo mota, tana iya ceton uwa da jariri a dare ɗaya. Idan aka cire mu daga makaranta bayan aji uku, wa zai tsaya a wannan wurin?

Saboda haka muna miƙa roƙo uku ga shugaban makaranta da malamanmu, cikin ladabi.

Na farko, a buɗe wa 'yan ƙaramar sakandare ɗakin gwaje-gwaje ko da sau biyu ne a zango. Muna zana ƙwayar halitta a littafi, muna haddace sassanta, amma yawancinmu ba mu taɓa ganinta da ido ba. Ɓawon albasa da ɗigon ruwan kududdufi sun isa, ba sai an kashe kuɗi ba.

Na biyu, a gayyato mana ma'aikata daga asibitin da ke kusa: nas, ungozoma, mai gwaji, mai haɗa magunguna, mai ɗaukar hoto, mai gashin ƙashi. Kowa ya faɗa mana abin da ya karanta, shekara nawa ya yi, da wahalar aikin da daɗinsa. A cikin iyayenmu ma akwai masu waɗannan ayyukan.

Na uku, a taron iyaye da malamai a ware lokaci a yi wannan bayanin, domin iyaye da yawa likita kaɗai suka sani, shi ya sa shi kaɗai suke cewa.

Mu ɗalibai ma akwai namu. Kusan duk waɗannan karatun suna neman kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizis. Tushensu kuwa yana cikin darasin kimiyya da lissafin da muke yi yanzu, wanda wasunmu suke gudu idan an kaɗa ƙararrawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu daina dariya idan ɗan aji namiji ya ce nas yake so ya zama. Duk wanda ya raka wani asibiti a wannan zangon, ya ƙirga mutanen da suka taɓa majinyacin, ya tambayi ɗaya daga cikinsu cikin ladabi me ya karanta. Ya rubuto amsar ya ba ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa ta a wannan allon a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.

Daga ɗalibar aji biyu, a madadin ƙungiyar 'yan jarida.