Idan Faifai Ya Cika Ana Tsakiyar Kwafi



Ranar 29 ga Agustan 2023 kamfanin Toyota ya dakatar da aiki a dukkan masana'antunsa 14 na haɗa motoci a Japan. Ba kutse aka yi masa ba. Kwana biyu kafin nan ana gyaran rumbun bayanan odar kayayyaki, sai wurin ajiya ya ƙare, na'urori suka tsaya cik. Na'urar ko-ta-kwana ma ba ta tsira ba, domin tsarinsu ɗaya. Sai da aka kwashe bayanan zuwa na'ura mai faɗi sannan aiki ya dawo washegari.

To, abin da ya tsayar da Toyota shi ne ke katse kwafin ajiya a ƙananan ofisoshi cikin dare, ba wanda ya sani. Gari ya waye, ma'aikaci ya tarar kwafi ya yi nisa ya tsaya, faifai ya cika maƙil. Zai ɗora daga nan ne, ko zai koma farko?

Wannan ya danganta da manhaja. A zamanin kaset, idan ɗaya ya cika sai manhaja ta nemi a saka wani, aiki ya ci gaba. Manhajar RMAN ta Oracle tana rubuta abin da ta riga ta kwafa, don haka ana iya umartar ta ta tsallake shi. Ita ma manhajar pgBackRest tana duba fayilolin da suka kammalu, ta ƙarasa sauran. Amma pg_dump, wadda masu rumbun bayanai na PostgreSQL suka saba da ita, ba ta san wannan ba. In ta katse, sai dai a sake daga tushe, ko da saura ƙiris ne.

Inda ake yin ɓarna kuwa shi ne wajen neman wuri. Mutum ya ƙagu, sai ya goge kwafin jiya mai lafiya don na yau ya samu shiga, kamar wanda ya zubar da ruwan randa don ya hango hadari. In na yau ya sake katsewa fa? Rabin kwafi ba ya dawo da rumbu.

Don haka, 'yan uwa masu kula da bayanan jama'a, a ƙaro faifai tukuna. Kada a taɓa tsohon kwafi sai an gwada sabon an ga ya dawo da bayanai daidai.