Hanta a Bakin Mutanen Folan

A wannan mako zan tsaya ne kan kalma guda daga harshen mutanen Folan, wato wątroba, wadda ake furtawa kusan kamar "vontroba". Ma'anarta hanta. Masana asalin kalmomi sun ce ta samo tushe daga wata tsohuwar kalmar harsunan Silabiyawa mai nufin abin da ke ciki, wato kayan ciki baki ɗaya. Shi ya sa 'yar'uwarta a Rashanci, utroba, take nufin ciki ko mahaifa, alhali a Folan ma'anar ta tsuke har ta tsaya kan hanta kaɗai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne nisan zangon da kalmar take ci. Mahauci da uwargida suna kiran hantar da ake soyawa wątróbka. Wanda abu ya tsaya masa a rai yakan ce abin yana kwance a kan hantarsa, kamar yadda Bahaushe kan ce hantar cikinsa ta kaɗa idan ya firgita. Likita kuma ita yake rubutawa: ciwon hanta a wurinsu zapalenie wątroby ne, wato kumburin hanta. Majinyaci na jin sunan ya san inda cutar ta kama shi.

Wannan ba a banza ya samu ba. Daga 1795 zuwa 1918 babu ƙasar Folan a taswira, domin Rasha da Farusiya da Ostiriya sun yi watanda da ita. Duk da haka, a 1909 wani malamin jami'ar birnin Krakow, Adam Bochenek, ya fara fitar da littafin ilimin sassan jikin ɗan Adam da harshensu. Bayan rasuwarsa a 1913 wasu suka ci gaba da aikin, kuma har gobe ɗaliban likitanci na karanta shi, suna haɗa sunayen gida da na Latin.

Mu ma muna da hanta da ƙoda da saifa da huhu da matsarmama. Kowane mahauci ya san su, amma ɗalibinmu na likitanci da Ingilishi kaɗai yake koyonsu. Ciwon hanta nau'in B yakan yi shekaru yana ɓarna ba tare da alama ba, kuma mutum ba ya zuwa gwajin cutar da bai fahimta ba. Ina kira ga likitocinmu da masana Hausa da su zauna tare, su rubuta mana irin wannan littafi.