Gyara kayanka: Darasin jiragen faiba daga Alshajara

A 'yan kwanakin baya, cikin shirin 'yan kasuwa da muke gabatarwa a gidan rediyonmu, wani ɗan'uwa masunci ya aiko mana da saƙon murya daga birnin Hartum na ƙasar Sudan. Ya ce yaƙi ne ya raba shi da jirginsa na faiba, wanda ya bari a kife a bakin kogi kusa da unguwar Alshajara, bai sake sa shi a ido ba sai bayan kusan shekara biyu. Da ya koma, ya tarar Allah Ya tsare masa jirgin, harsashi bai taɓa shi ba, ɓarawo bai ɗauka ba. Sai dai launinsa shuɗi ya koma fari fat kamar an barbaɗa masa toka, idan ya shafa hannu sai farin gari ya biyo tafinsa. Dillalin farko da ya gani ya yi masa tayin wulaƙanci, yana cewa ai jirgi ya mutu. Tambayar wannan bawan Allah ita ce, ya sallama ko kuwa akwai gyara?

Mun ba shi amsa cewa kada ya yi gaggawar sallamawa, domin abin da ya gani a mafi yawan lokuta ciwon fata ne, bai kai ga ƙashi ba. Amma mun ga ya dace mu kawo maganar wannan fili, saboda ta shafi duk wani ɗan kasuwa da kayansa ko ransa ke hawa kan ruwa. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, wanke jirgin faiba da goge shi da shafa masa kaki wani ɓangare ne na tsare jari, kuma mai jirgin da ya raina wannan aiki yana cin uwar kuɗinsa ne bai sani ba.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Alshajara unguwa ce a kudancin Hartum, a gaɓar gabas ta Farin Nilu, kogin da ya raba wannan yanki da birnin Umdurman. Ma'anar sunan da Larabci ita ce bishiya. Wata babbar bishiya ce da aka sani da sunan Mahu Bey, gwamnan Turkawa na shekarun 1820, wadda daga baya Turawan Ingila suka riƙa kira Bishiyar Gordon. Tun shekarun 1950 aka san unguwar da cibiyar binciken kiwon kifi, haka kuma a nan ne barikin rundunar tankokin yaƙi na sojan Sudan yake. Wannan bariki ne ya sa unguwar ta ga tashin hankali bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilu 2023, musamman a watan Agusta na shekarar, har zuwa watan Maris 2025 lokacin da soja suka karɓe ikon birnin.

Sanin kowa ne cewa Hausawa ba baƙi ba ne a wannan kogi. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja jama'arsa suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu, a garin da har yau ake kira Maiwurno, 'yan'uwanmu suka bazu suna noma da fatauci da su. Daga madatsar ruwa ta Jabal Auliya, wadda aka gama a 1937, har zuwa Kosti, an san Bahaushe da kamun kifi. A da, jirgin katako kowa ya sani, irin wanda masassaƙan unguwar Abu Rof ta Umdurman suka shahara da haɗawa da itacen bagaruwa. Daga baya na ƙarfe ya shigo, sannan na faiba, wanda aka fara ƙera irinsa a Amurka cikin shekarun 1940.

Wani zai ce, ina ruwan mai rumfa a kasuwar kan iyaka da jirgin wani masunci a Sudan? Ruwansa ya yi tsaki kuwa. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, fito ya koma kan kwalekwale, mutane da kaya duk ta ruwa suka riƙa tsallakawa. Bandar kifin da ake saukewa daga Tafkin Cadi ta ruwa yake fara tafiyarsa. Ba mu manta da watan Mayu 2021 ba, lokacin da wani jirgin katako da ya nufi Wara a Jihar Kabi ɗauke da mutane fiye da 150 ya tsage a tsakiyar kogi, ƙalilan ne suka tsira. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa hukumomi a Nijeriya, ciki har da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, suka sha yin kira da a bar jiragen katako a koma na faiba. Mun yarda da wannan kira. Abin da muke tsoro shi ne a sayo sabon jirgi a riƙe shi da tsohon sakaci.

Dalilin tsoron namu kuwa shi ne wata magana da ta yaɗu a bakin kwata, wai faiba ba ta ruɓewa, ba ta tsatsa, saboda haka ba ta bukatar kulawa. Rabin maganar gaskiya ne. Jikin jirgin faiba saƙa ce ta zaren gilashi da aka jiƙa da wani danko mai suna rezin, ya bushe ya yi tauri. A saman wannan saƙa akwai wata fata mai launi da santsi wadda masu sana'ar ke kira jelkot, kaurinta bai wuce kimanin rabin milimita ba. Ita ce ke tare rana da ruwa daga isa ga zaren da ke ciki. Hasken rana yana cin wannan fata a hankali, samanta ya bushe ya farfashe ya zama gari. Farin garin da ɗan'uwanmu ya gani a tafinsa ke nan. A gari kamar Hartum, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, ga kuma guguwar ƙura da suke kira habub tana kankarar duk abin da ta tarar, wannan lalacewa tana sauri. Yanayin Gaya ko Yawuri ko Baga bai fi haka sauƙi ba.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan fatar ta bushe ta yi ƙananan tsaga, ruwa yakan ratsa ya kwanta a ƙarƙashinta, ya tayar da ƙuraje kamar bororon ƙuna, waɗanda idan aka fasa su sai a ji wari kamar na ruwan tsami. Idan aka ƙyale, sai shimfiɗun zaren su fara rabuwa da juna, jiki ya yi laushi. A wannan mataki magana ta wuce soso da tsumma, sai an kira mai gyara ya kankare wurin, ya jira ya bushe, ya sake shimfiɗa zare da danko. Kuɗin wannan aiki, da kwanakin da jirgi zai yi a tudu ba ya kawo ko sisi, sun ninka kuɗin gwangwanin kaki sau da dama.

Shi kuwa aikin rigakafin ba wani abin wahala ba ne. Da farko a fitar da jirgi a wanke shi tas da ruwa da sabulu mai laushi, a cire yashi da ƙura gaba ɗaya, domin duk ƙwayar yashin da ta saura za ta zama abin karce a ƙarƙashin tsumma. A bar shi ya bushe a inuwa. Idan dusashewar kaɗan ce, man gogewa mai laushi ya isa. Idan ta yi yawa, sai a fara da mai ɗan kaushi sannan a bi da mai laushi. Idan kuwa ta kai irin ta jirgin Alshajara, to sai an bi shi da samfefa ta ruwa mai laushi ƙwarai, lamba 1000 zuwa 2000, ana zuba ruwa ana gogawa a hankali, kafin a zo kan man gogewa. A riƙa ɗaukar wuri kaɗan-kaɗan, kamar kamu ɗaya a tsaye da kwance, a gama shi kafin a matsa gaba. Mai amfani da injin gogewa ya rage masa gudu, kada kuma ya tsaya wuri ɗaya, domin zafi yana ƙona fatar.

Gogewa ita ke dawo da sheƙi, amma kaki ne ke riƙe shi. Wanda ya goge bai shafa kaki ba, ya buɗe sabuwar fata ne ya miƙa wa rana. Mafi shahara shi ne kakin karnuba da ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a ƙasar Brazil, akwai kuma na haɗin masana'anta wanda yakan fi daɗewa. A shafa shi siriri da sassafe ko da yamma, a bari ya yi hazo, a share da tsumma mai laushi. A irin ranarmu, a maimaita duk bayan wata uku ko huɗu. Alamar lokaci ya yi ita ce, idan aka watsa ruwa ya daina taruwa ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa. Kada a shafa kaki a daɓen da fasinja ke takawa, domin santsi zai kayar da mutum. Kada kuma a mayar da man gogewa mai kaushi abin kullum, saboda kowace gogewa tana rage kaurin fatar da dama can ba ta da yawa. A daina jan jirgi a kan tsakuwa, a sa masa tsofaffin tayoyi ko gungume. Idan za a ajiye shi na tsawon lokaci, a rufe shi da tamfol yadda iska za ta riƙa ratsawa.

Mun san akwai masu cewa wannan duk aikin masu hutu ne, irin masu jiragen filafili da iska ke turawa, waɗanda ke tsere don nishaɗi. Gaskiya ne daga wajensu aka fi sanin wannan al'ada. A Hartum ɗin ma akwai kulob ɗin masu irin waɗannan jirage a gaɓar Shuɗin Nilu tun 1926, wanda ya mayar da Melik, tsohon jirgin yaƙin da Kitchener ya yi amfani da shi a yaƙin Umdurman na 1898, ya zama mazauninsa. To amma idan mai jirgin wasa yana ganin jirginsa ya cancanci wuni guda na gogewa, ina ga wanda da jirgin yake ciyar da iyalinsa? Babu ɗan kasuwar da zai bar buhunan shinkafarsa a rana da raɓa, ya ce rumfa kwalliya ce.

Sai dai akwai wani gefe na maganar da ya zama wajibi mu ja kunne a kai. Sheƙi yana iya zama hanyar algus. Kamar yadda dillali zai yi amfani da dusashewar launi ya karya wa mai jirgi farashi, haka wani zai ɗauko jirgin da cikinsa ya ruɓe, ya cusa wa tsagarsa abin toshi, ya goge shi ya yi ƙyalli, ya sayar wa wanda ke yi wa rogo kallon kitse. Duk mai son sayen jirgi na hannu ya sa a fitar masa da shi tudu a kife. Ya ɗauki kwabo ko ƙaramar guduma ya bi jikin yana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya yana ba da sauti tsaf, wurin da ya rabu ko ya sha ruwa kuwa sai a ji shi dum kamar an bugi ruɓaɓɓiyar kabewa. Ya danna da hannu ya ji ko akwai inda ke lotsawa. Ya duba bayan jirgin inda ake ɗaura inji, domin sau da yawa akwai katako a ciki, kuma shi ne kan fara ruɓewa. Kaki ba ya ɗinke tsaga, kuma jirgi mai sheƙi idan aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa zai nutse kamar kowane jirgi.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa masu sayar da fenti da kayan gyaran mota a kasuwanninmu da su fara ajiye man gogewa da kaki da samfefa ta ruwa na gaskiya, su guji jabu, domin a nan rayuka ne a kai. Muna kira ga sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu fito da su ware rana guda a kowane wata uku a fitar da jirage a duba su, a koya wa matasa wannan aiki, wanda shi ma sana'a ce mai kawo abin sawa a baki. Hukumomin da ke raba jiragen faiba su haɗa da horon kulawa da su, kada a miƙa jirgi a ɗauki hoto a watse. Ku kuma fatake masu ba da kaya a tsallaka da su, ku riƙa duba jirgin da za ku sa dukiyarku kafin ku tambayi kuɗin fito. Idan masu jirgi suka ga mai kulawa ne ke samun lodi, kowa zai gyara.

Shi kuwa ɗan'uwanmu na Alshajara, mun shawarce shi ya ƙwanƙwasa jirginsa tukuna, sannan ya gwada goge wuri kamar faɗin tafin hannu. Idan sauti ya fita tsaf, shuɗin kuma ya dawo, to ya sallami dillali ya nemi soso da bokiti. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa, amin.